Haruffa Huɗu

Saura kwana tara.
Da gawayi na rubuta a bayan ƙofa,
kowace safiya Nafi'u ya goge da yawu
ya rage ɗaya, yana tsalle,
kai ka ce Sallah ake jira.

Da rana ina rumfar cire kuɗi a bakin Kasuwar Barci,
littafin tambayoyin Jamb a ƙarƙashin na'ura.
Tsakanin mai dubu biyu da mai dubu biyar
nakan haɗiye tambaya guda ba ruwa.
Jiya na ba wata hajiya canji
hankalina na kan jirgin da ya bar tasha ƙarfe takwas.
Ta ƙirga, ta dube ni,
ta mayar mini da ɗari biyar.

Bara ɗari da saba'in da ɗaya na samu.
Ban manta ba. Maƙwabta ma ba su manta ba.
Kwata guda ta tafi ina kokawa da linzamin kwamfuta,
kibiya na zillewa kamar ƙadangare a bango,
agogo a kusurwa yana cin rabonsa.
Bana na biya mai shagon kwamfuta a Tudun Wada
ya bar ni ina dannawa ranar Lahadi
har hannuna ya daina rawa.

Amma makarantar gaske sai bayan isha'i,
in an ɗauke wuta, an kunna fitilar caji.
Baba ya shimfiɗa tabarma,
ya karɓi shafin amsoshi, ya riƙe nesa da ido.
Bai taɓa zama a aji ba.
Shekara sha tara ya yi a masaƙar Kakuri
kafin a sa wa ƙofa kwaɗo,
can ya koyi haruffa huɗu a jikin dilar yadi:
A ta fita kasuwa da daraja,
B da C a yi ciniki,
D kuwa mai tabo ce, ta 'yan kilo.

Nakan ce, "Ta sha bakwai, B."
Ya bi layi da farce, a hankali,
kamar mai neman zaren da ya tsinke.
"B ce, Murja. Wuce."
In amsa ta faɗa kan D sai ya ɓata fuska,
ko da na ci.
Har yau bai yarda gaskiya na zama a D ba.

Daren Talata na faɗi goma a jere.
Sha ɗaya. Sha biyu.
Muryarsa na ƙanƙancewa da kowace "a'a".
Na kife littafi, na ce a bar ni da rumfata,
ba kowa aka haifa don farar riga ba.
Inna ta daina tsince shinkafa.
Sauro kaɗai ke magana.

Nafi'u ne ya leƙo ta kafaɗarsa:
"Baba, ai na wata shekarar ka buɗe."

Dariyar da ya yi
rabona da ita tun ana busa jiniyar tashi aiki.
Ya yi tari, ya share ido da gefen hula,
ya ce, "To, a warware, a sake saƙa."
Muka sake. Sha biyu, na ci goma.

An tura ni Mando, shida da rabi na safe.
Isiyaku mai keke ya ce ko mai ya yi tsada zai zo.
Inna ta ɗinke takardar shiga cikin leda
saboda hadarin da ke haɗuwa ta gabas.

Yanzu sha biyu ta gota.
Fitila ta yi ja, ta kusa mutuwa.
Baba na gyangyaɗi, ya jingina da bango,
farcensa na nan kan ta talatin da takwas.
Ban tashe shi ba.
Na leƙa a hankali.
D ce.